Dutsen Niƙanki Ya Dawo Gida, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan Allah Ya sa kina cikin sauƙi da haske a makwancinki. 'Yarki ce Rakiya, daga Haɗeja, daga ɗakinki.

Na sani sarai takarda ba ta isa inda kike, addu'a ce ke isa. Na rubuta wannan ne a inda jama'a za su karanta, domin akwai wanda nake so maganar ta kai gare shi, kuma 'ya'yansa duk suna da waya. Za su karanta masa. Ba zan faɗi abin da ban tabbatar ba. Inda ban gani da idona ba, zan ce gaya mini aka yi.

Labari biyu na zo miki da su. Na farko, sakamako ya fito, na gama digirin, yanzu kiran hidimar ƙasa nake jira. Na biyu, dutsen niƙanki ya dawo gida. Kada ki yi saurin murna da na biyun.

Kin tuna ranar da na gaya miki abin da zan yi binciken kammala karatu a kai? Kina tsugune kina tankaɗe, na ce miki kalmomin niƙa da daka zan tattara, na Hausa da na wasu harsuna, tsofaffi da na yanzu. Kika ajiye rariya kika dube ni, kika ce, "Yanzu a kan dutsena za a ba ki takardar? To, rabinta tawa ce, ki gaya musu."

Ke kika fara jero mini su. Sussuka daban, surfe daban. Ɓarza ba niƙa ba ce, don ɓarza tsaki take bayarwa. Markaɗe sai da ruwa. Kirɓa ta fura ce. Kika ba ni na Fillanci da kika ji a bakin Kaka, mahaifiyarki: namugo shi ne niƙa, unugo shi ne daka, wowru kuma turmi. Na Barebari ban rubuta ba, domin tsofaffi biyu da na tambaya sun ba ni kalmomi biyu mabambanta, kuma ban sami na uku da zai raba gardama ba. Har yau abin yana damuna.

Ni kuma na kawo miki na littafi. Na ce Larabawa suna kiran dutsen niƙa na hannu raha. Na ce a tsohon harshen Latin mola ake cewa, kuma daga wannan kalma suka raɗa wa haƙoran ciki suna, alhali mu turame muke ce musu. Kika yi dariya har kina riƙe ciki, kika ce, "Ashe su maniƙa ne, mu madaka!" Sai na gaya miki Turawa ma suna da tsohuwar kalmarsu, quern, amma yawancinsu yau ba su san ta ba. Nan dariyar ta tsaya. Kika tambaye ni, "Ina duwatsun nasu suka tafi?"

Tambayar nan taki ita ce ta zama ƙarshen bincikena. Abin da na fahimta, gwargwadon abin da na karanta da abin da na ji, shi ne kalma ba ta fara mutuwa. Dutsen ne ke fara barin gida, daga baya sunansa ya bi shi. Na rubuta haka ina ganin maganar Turawa nake yi. Ban san gidanmu nake rubutawa ba.

Mutanen nesa da za su karanta wannan ba za su gane ba sai na yi bayani, ki yi haƙuri da ni. Ƙasarmu ba ƙasar duwatsu ba ce. Daga nan har Auyo, yashi ne da laka da fadama. Yaro in zai yi jifa, hoge yake nema. Duk dutsen niƙan da ka gani a gidan Haɗeja, daga nesa aka ɗauko shi. Naki a kan jaki ya zo, tun zamanin kakarki. Wata rana kin ce daga wajen Dutse, wata rana kin ce daga wajen Birnin Kudu, shi ya sa a binciken na rubuta "an ce". Daga kakarki ya zo hannun Kaka a Kafin Hausa, daga Kaka ya zo hannunki. Ya yi kwari a tsakiya saboda hannuwan mata uku. Ɗan dutsen kuma, wanda ake riƙewa a gurza da shi, ya ci ya yi daidai da kwarin nan, ba ya zama a kan wani dutsen.

Ko da inji ya cika gari, matan unguwa ba su daina zuwa ba. Tuwon yau da kullum, su kai inji. Amma yajin mai jego, da garin kunun yaye, da maganin jariri, wajenki suke kawowa. Dalilinsu ɗaya ne: inji ba ya mantuwa da abin da ya ci kafin naka. In mai barkono ta riga ki, jaririnki zai sha barkono. Ba ki taɓa hana kowa ba. Kina zaune gefe kina gyara musu zama, kina cewa, "Sassauta hannu, gari ake nema, ba faɗa ake da dutsen ba."

Mutum ɗaya ne abin bai yi wa daɗi ba: Baffa Sabo, ƙanin Baba, mai injin markaɗe a rumfar ƙofar gidanmu. Tun Baba yana da rai yake jefa magana. In ya ga mata sun wuce rumfarsa sun shigo ciki, sai ya ɗaga murya ya ce, "Ana zamanin inji, an tara mata suna gurfane kamar masu neman gafara." Ke kuwa sai ki aika masa da fura. Ban taɓa gane wannan hali naki ba, kuma yanzu ma ban gane ba.

Kin rasu da damina, ina tsakiyar jarrabawar ƙarshe. Kafin motar da na shiga ta iso, an kai ki. Na yi kwanakin zaman makoki, Gwaggo Asabe ta matsa mini na koma na ƙarasa, ta ce da kina nan da kanki za ki kore ni. Na koma.

A bayana kogi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shigo unguwa har ya kai rumfar Baffa. Wannan ban gani ba, Gwaggo ce ta gaya mini, kuma Baba Tabawa, matar Baffan, ba ta musa ba da na tambaye ta. Baffa yana so ya ɗaga injin sama da ruwa. Bulo yana jiƙewa ya marmashe, katako yana ruɓewa. Sai ya kira 'yan dako suka shiga madafarki, suka ciro dutsen daga inda yake kafe tun kafin a haife ni. Ya shimfiɗa shi a rumfa, ya zuba siminti ya kewaye shi, ya ɗora injin a kai, ya ɗaure.

Gwaggo ta ce ta tare ƙofa ta ce, "Sabo, ko arba'in ba a yi ba." Shi kuma ya amsa mata da cewa, "Wadda ta mutu niƙa take yi?"

Inna, wannan maganar ita ce ba ta barin ni. Na sa Gwaggo ta maimaita mini ita har ta ji haushi, don in tabbata ban ƙara ko harafi ba.

Da na dawo da kayana gaba ɗaya, madafa na fara shiga. Na tarar da rami a ƙasa, siffar dutsen sak, kaji sun mai da shi wurin birgima. Baba Tabawa ta jawo ni ɗakinta, ta buɗe ƙasan gado, ta miƙo mini ɗan dutsen a naɗe cikin tsohon zanenki. Ta ce da aka zo ɗauka ta yi sauri ta ɓoye shi. Ta ce, "Iyakar abin da na iya ke nan, 'yar nan." Na rubuta wannan ne don kowa ya san ba da ita nake ba.

Kin san ni da tsoro. Sai da na yi ta shirya maganar a raina kafin na je rumfar Baffa. Na durƙusa na gaishe shi yadda kika koya mini. Na ce, Baffa, dutsen Inna nake roƙo. Injin yana ta ruri, sai da na maimaita. Ya kashe, ya juya wajen abokan hirarsa ya ce, "Kun ga malama mai digirin dutse." Aka yi dariya. Ya ce mini, "Ga shi nan. Ɗaga injin ki ɗauka."

Ban yi kuka a gabansa ba. Na gaya masa abin da na tabbatar kafin in zo: dutsen kayanki ne, daga gidanku ya zo, ba na gidan su Baba ba ne. Magadanki mu ne 'ya'yanki, ni da Yaya Musa da ke aiki a kudu. Ƙanin miji ba ya gadon matar wansa. Na je wajen limamin unguwa, ya ce haka ne, ya kira Baffa ya yi masa nasiha. Baffa ya ce sai ruwa ya janye. Ruwa ya janye, ya ce sai bayan girbin shinkafa. Aka yi girbi, ya ce ana cikin aiki, ba a tsayar da inji saboda dutse.

Kullum daga ɗakinki ina jin injin. Ƙasa tana rawa har cikin ƙafafuna. Na san a kan me yake rawar.

Daga nan ne na yi abin da na san ba za ki yi ba.

Matan da na yi hira da su lokacin bincike, dama akwai bashin godiya a kaina, tunda sakamako ya fito. Na bi su gida gida. Na gode musu. Kowacce ta yi mini gaisuwar rashinki, kowacce kuma ta tambayi dutsen, domin an ce musu an ajiye shi ne saboda ruwa. Ban ce kowa ta yi komai ba, Allah shaida ne. Na faɗi inda yake, na faɗi yadda aka yi ya je can, na faɗi abin da Baffa ya ce wa Gwaggo. Amma ba zan yi miki wayo ba, Inna. Na san abin da zai biyo baya, kuma shi na je nema.

Iya Mairo ungozoma ce ta fara. Ta dafe ƙirji ta ce, "Dutsen Hajara? Wanda a kansa na niƙa yajin haihuwar 'ya'yan Sabo da hannuna? La'ilaha illallahu. Ashe duk markaɗen da nake kaiwa, a kan Hajara ake yi mini shi." Washegari ta ɗauki bokitinta da kanta, da tsufanta, ta wuce ta gaban rumfarsa ba ta ko waiga ba, ta tafi injin bakin kasuwa. Ya kira ta, "Iya, ina zuwa haka?" Ta ce, "Inda ba a taka mutane."

Sauran suka bi ta, ba rana ɗaya ba, a hankali. Azumi ya kama, lokacin da layin markaɗen ƙosai da kunu yakan kai har bakin masallaci. Bana rumfar Baffa fayau. Mata suna wucewa da bokitai a ka, cikin rana, da ƙishirwar azumi, sun gwammace nisan. Injin yakan tashi sau ɗaya ko biyu ya mutu. Ina ɗaki ina sauraron shirun.

Na ji daɗi, Inna. A watan azumi, na ji daɗin asarar ɗan'uwan mahaifina. Na yi istigfari, daɗin bai tafi ba.

Ana saura kwanaki kaɗan salla, Baffa ya fasa simintin. Bai zo da kansa ba, bai aiko da magana ba. A baro aka turo dutsen, aka jingine shi a bakin madafa kamar buhun taki.

Bari in gaya miki yadda yake, dalla-dalla, don ke ce mai shi. Ya tsage daga gefen dama har tsakiyar kwarin. Bai rabu biyu ba, amma farce yana shiga tsagar. Siminti ya manne a gindinsa. Baƙin mai da gas sun ɗiga a kansa wata da watanni, kuma kwarin nan da hannuwanku suka yi shi ne ya zama kwanon tara su. Dutse yana sha, Inna. Ban san haka ba sai yanzu.

Na wanke shi da ruwan zafi da toka. Na wanke da sabulu. Na dirje da yashin kogi har fatar yatsuna ta saɓule. Na shanya shi a rana. Na ƙwanƙwashe fuskarsa da ɗan ƙarfe yadda kike yi idan ya yi santsi. Na mai da shi raminsa, na daddale gefen da laka. Na fara gurza dusa a kai don ta kwashe tsakuwa, kamar yadda aka saba, amma ko kaji ban ba ba, binne ta na yi. Sannan na zuba surfaffen gero, na kama ɗan dutsen.

Yana zuwa kan tsagar sai ya yi tuntuɓe. Garin ya fito toka-toka, yana warin tashar mota. Na ɗanɗana. Bakina ya wuni da ɗaci. Babu mai jegon da za a sake niƙa wa yaji a kansa, babu jaririn da zai sha abin da ya fito daga nan. 'Yar da zan haifa, in Allah Ya ba ni, za ta san shi ne a matsayin wani baƙin abu da ke kusurwar madafa, sai an gaya mata sunansa, kamar yadda ake gaya wa 'ya'yan Turawa.

Baba Tabawa ta same ni a wurin. Ita ce ta yi miki wanka, ita ta ɗaure miki likkafani lokacin da ni ina hanya. Ta tsuguna kusa da ni ta ce, "Rakiya, ya dawo da shi fa. Ki yi wa matan nan magana, ke suke jira. Daga injin nan ƙannenki suke ci." Duk gaskiya ta faɗa. Iya Mairo ta aiko ta ce ba za su koma ba sai sun ji daga bakina. Ni kuma kwanan nan za a kira ni, in tafi inda ban sani ba. In na tafi ban ce komai ba, rumfar nan ta mutu ke nan. 

Amma ya dawo da me, Inna? Kuma ya ce me? Har yau bai buɗe baki ya ce ya ɗauki abin da ba nasa ba. A majalisarsa cewa yake yi 'yar boko ta haɗa shi da matan unguwa a kan dutse.

Sai na tuna al'adar gidan nan. Duk lokacin da aka ƙwanƙwashe dutsen aka sake kafa shi, garin farko babban gida ake kai wa. Ni kike aike tun ina ƙarama, da ɗan ƙoƙonki a rufe da faifai. A da, Malam, kakanmu, ake kai wa. Bayansa Baba. Bayan rasuwar Baba kuwa, Baffa Sabo kike aika wa, duk da maganganunsa. Na gan shi da idona yana ɗiba da yatsu uku ya kai baki, ya ce, "Allah Ya sa albarka, Ya ƙara auki." Ya san al'adar. Abokan hirarsa ma sun sani.

To, an sake kafa dutse. Garin farko yana cikin ƙoƙonki, na rufe shi da faifai. Baffa ne babban gida.

Na jira azumi ya wuce, don kada ya ce yana azumi. Na tambayi Baba Tabawa cikin hira, ya gama sitta Shawwal. Gobe ba Litinin ba ce, ba Alhamis ba ce. Bayan la'asar, lokacin da rumfar ke cika da dattawa, zan sa hijabinki, in je in durƙusa a inda na durƙusa ran nan, in buɗe faifan in ce, "Baffa, an kafa dutsen Inna. Ga garin farko, a sa albarka."

Ba zan ƙara komai a kai ba. Abin da yatsu uku za su ɗiba ba zai yi masa illa ba, na ci fiye da haka, ga ni lafiya. In ya kai baki a gaban mutanen da suka yi mini dariya, ya ji abin da na ji, ya ce ya yi kuskure, wallahi kafin magariba zan je gidan Iya Mairo da ƙafata, in roƙe ta ta koma da bokitinta, in bi sauran ɗaya bayan ɗaya. In kuwa ya ƙi, dattawan za su tambayi dalilin da zai sa babban gida ya ƙi garin farko. Ni zan ba su amsa, daga ranar da 'yan dako suka shiga madafarki har zuwa maganar da ya gaya wa Gwaggo. Ba ragi, ba ƙari.

Baffa, na san ana karanta maka. Ban ɓoye maka komai ba. Ka san lokacin, ka san wurin. In ka rufe rumfa gobe, akwai jibi.

Inna, ina jin muryarki. Tun da na fara rubutun nan nake jin ta a bayana, kina cewa in sassauta hannu. Na ji, Innata. Na tuna yadda kike ɗora tafinki a kan nawa idan na matsa da yawa, ɗumin hannunki da ƙanshin citta. Na tuna yadda kike lakato gari ki shafa mini a hanci in na ɓata rai. Babu ranar da ba na shiga madafar nan in tsaya, ina jiran ki ce in miƙo miki rariya. Rabin takardar taki ce, kamar yadda kika ce, sunanki ne a shafin farko. Zan sassauta. Amma sai ya ɗanɗana.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki. Duk cikin da ya ƙoshi daga dutsenki, duk jaririn da ya sami lafiya, Allah Ya sa a mizaninki. Allah Ya jiƙan Baba da Kaka da kakarki da ta ɗoro shi a kan jaki. Allah Ya saka wa Baba Tabawa da alheri, kada Ya kama ni da hakkin 'ya'yanta. In akwai zalunci a abin da zan yi, Allah Ya nuna mini kafin in fita. Baffa Sabo kuma, Allah Ya ba shi lafiya da tsawon rai, Ya kai shi gobe la'asar.

Wassalam.

'Yarki mai kewarki,
Rakiya